Yadda Ake Ɗaukar Hoton Titi Irin na Gwanayen Tsakiyar Ƙarni na 20

A shekarar 1932, a bayan tashar jirgin ƙasa ta Saint-Lazare da ke birnin Faris, wani saurayi Bafaranshe mai suna Henri Cartier-Bresson ya saƙa idon kyamararsa ta wata kafa a jikin shingen katako, ya ɗauki hoton wani mutum da ya daka tsalle zai ƙetare ruwan da ya kwanta a fili. A cikin hoton, saura ƙiris dunduniyar mutumin ta taɓa ruwa, surarsa kuma tana kwance a kan ruwan kamar a madubi. Ba biki ake yi a wurin ba, ba kuma wani abin tarihi ne ya faru ba. Mutum ne kawai yake gudun kada ya jiƙa takalminsa. Amma yau fiye da shekara 90 ke nan ana koyar da ɗalibai da wannan hoto.

Daga wancan lokaci har zuwa shekarun 1960, wasu mutane a birane daban-daban suka mayar da bin titi da kyamara aikin rayuwarsu. Helen Levitt ta bi yaran unguwannin talakawa na New York suna wasa suna zane da alli a jikin bango. Fan Ho ya bi lunguna da matakalan kasuwannin Hong Kong. Vivian Maier, wadda sana'arta rainon yara ce a Chicago, ta riƙa fita da kyamara rataye a wuya har ta tara hotuna fiye da 100,000. Abin da ya haɗa su shi ne sun ɗauki rayuwar yau da kullum da muhimmanci tun kafin ta zama tarihi, kuma sun yi aiki da kayan da suka tilasta musu nutsuwa. Waɗannan abubuwa biyu mai wayar hannu na yau zai iya koyonsu, kuma su ne abin da nake so in bi daki-daki.

Kayan aiki, da darasin da ke cikin ƙarancinsu

Kafin wannan zamani, kyamarar yawancin masu sana'ar hoto babban akwati ce mai ƙafa uku, irin wadda dattawanmu suka san mai hoto yana lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle a bayanta. Da irin wannan ba a bin mai tafiya a titi. Abin ya sauya ne a 1925, lokacin da aka fito da Leica a Jamus, ƙirar wani injiniya mai suna Oskar Barnack, 'yar ƙarama mai shiga aljihun kwat, wadda naɗin fim ɗinta ke ɗaukar hoto 36. A 1929 kuma aka fito da Rolleiflex mai ido biyu, wadda ake riƙewa daidai ciki a duba ta sama, ita kuwa hoto 12 kacal take ɗauka kafin a sake mata fim. Da ita Maier da Fan Ho suka yi mafi yawan aikinsu. Da kamfanin Kodak ya fito da fim ɗin Tri-X na ƙananan kyamarori a 1954, wanda ba ya bukatar haske mai yawa, sai aka samu damar aiki da almuru da cikin rumfunan kasuwa ba tare da filasha ba.

Mutumin da ya san hoto 12 ne gare shi, kuma sai ya biya kuɗin fim ya biya na wanki, ba ya danna madanni sai ya ga abin ɗauka. Saboda haka shawarata ta farko ita ce ka yanka wa kanka adadi. Idan za ka fita, ka ƙudura cewa hoto 36 za ka ɗauka, ka kashe tsarin nan da ke zubo hotuna goma a danna ɗaya, kuma kada ka riƙa duba abin da ka ɗauka sai ka koma gida. Duk lokacin da ka sunkuyar da kai kana kallon fuskar waya, titi yana ci gaba da tafiya ba tare da kai ba.

Na biyu, ka tsaya a kan ido ɗaya. Cartier-Bresson ya yi kusan dukan aikinsa da ido mai milimita 50, wanda yake nuna abubuwa kusa da yadda idon ɗan Adam ke ganin tazararsu, wasu kuma sun fi son mai milimita 35 ko 28 domin su kwaso wuri da faɗi. Babbar kyamarar yawancin wayoyin yau tana daidai da milimita 24 zuwa 26, idan ka danna alamar ninki biyu kuma sai ta koma kusa da 50. Ka zaɓi ɗaya daga cikin biyun ka zauna a kansa wata guda cur. Kada ka ja hoto da yatsu domin ka kusanto da abin da ke nesa, domin ingancinsa raguwa yake yi. Idan abu ya yi maka nisa, ƙafarka ce za ta kai ka. Amfanin zama a kan ido ɗaya shi ne, bayan 'yan makonni za ka riƙa sanin iyakar abin da zai shiga hoto tun kafin ka ɗaga hannu.

Sauran gyaran waya kaɗan ne. Ka kashe filasha, ka kashe abin da ke goge fuska ya sa ta sulɓi, da wanda ke dusashe bayan mutum, domin a hoton titi bayan mutum rabin labari ne. Ka goge idon kyamara da tsabtataccen ƙyalle kafin ka fara, ka kuma saba da danna madannin ƙara sauti maimakon taɓa fuskar waya, saboda ya fi hana hannu rawa.

Mai cikakkiyar kyamara yana da wata dabara ta gwanayen wancan zamani wadda har gobe babu kamarta wajen sauri. Kyamarorinsu ba sa saita kaifin hoto da kansu, don haka sai su saita tazara tun kafin abu ya faru. Idan ido mai milimita 35 ne a kan kyamara mai cikakken faɗin fim (wato faɗin fim irin na Leica), ka tsuke ƙofar haske zuwa f/8 (yawan lambar f shi ne ƙanƙantar ƙofar), ka ajiye ma'aunin tazara a kan mita 3, to duk abin da ya faɗo tsakanin kusan mita 2 zuwa mita 7 zai fito tas. Sai ka sa saurin ƙiftawa, wato tsawon lokacin da kyamara ke barin haske ya shiga, a kan 1/250 na daƙiƙa domin mai tafiya da ƙafa, ko 1/500 domin mai keke da yara masu gudu. Akwai kuma tsohuwar ƙa'idar auna haske da ido: a rana tsaka mai ƙwalla, ƙofar haske f/16, saurin ƙiftawa kuma ya yi daidai da lambar ƙarfin fim, wato idan ISO 400 ne sai ka sa 1/400 ko abin da ya fi kusa da shi. Da rana ta shiga gajimare ko ka shiga inuwa, sai ka riƙa buɗe ƙofar zuwa f/11, f/8, har f/5.6.

Haske

Wanda ya kalli hotunan Fan Ho zai ga cewa sau da yawa haske ne jigon hoton, mutane kuma sun shigo cikinsa ne. Yakan tsaya inda rana ke ratsowa ta sama a kan matakala, ta haɗu da hayaƙi da ƙura, har hasken ya zama kamar abin da za a taɓa da hannu. Irin wannan haske ba ya samuwa sai rana ta karkata, wato daga fitowarta zuwa hantsi, da kuma daga la'asar zuwa gab da magariba. A waɗannan lokuta inuwa takan yi tsawo, fuska takan fito da kamanninta, bangon ƙasa kuma yakan nuna duk wani zane da tsaga da ke jikinsa.

Ranar ƙasarmu ta fi ta Faris da New York zafi da kaifi, kuma wannan yana da nasa hukunci. Da azahar rana tana bisa ka, hula da rawani da mayafi sukan jefa inuwa a kan idanu, sai fuska ta koma duhu. Ga kuma matsalar farar riga a jikin baƙin mutum: kyamara takan ruɗe da farin shadda ta rage haske, fuska ta ɓace, ko ta bi fuska ta ƙara haske, aikin wuyan riga ya wanke ya zama fari fat. Maganin abin shi ne ka taɓa fuskar mutumin a kan waya ka riƙe har haske ya kulle, sa'an nan ka ja shi ƙasa kaɗan har ka ga zaren aikin rigar ya bayyana. Duhun da ya yi yawa ana iya ɗago shi daga baya, amma farin da ya ƙone ba ya dawowa. Idan kuwa dole ne ka yi aiki da tsakar rana, ka nemi bakin rumfa, ko zaure, ko gindin bishiya, inda haske ke shigowa ta gefe.

Lokacin hunturu, hazo yana tausasa rana ya raba nesa da kusa hawa-hawa, har mai tura kura da ke can ƙarshen layi ya zama kamar an zana shi da toka. Babu lokacin da na fi so kamar safiyar irin wannan rana, sai dai ƙurar tana cutar da kyamara, don haka kada a sauya ido a fili, kuma a riƙa hure ƙura kafin a goge. Da damina kuwa, a fita da zarar ruwa ya ɗauke, lokacin da kwalta ke sheƙi kuma kowane kududdufi ya zama madubi.

Zaɓen wuri da jira

Kuskuren da mai koyo ya fi yi shi ne yawo ba tsayawa, yana farautar abin mamaki. Gwanayen wancan zamani sukan yi akasin haka. A garin Hyères na kudancin Faransa, a 1932, Cartier-Bresson ya tsaya a saman wata matakala mai lanƙwasa, ya tsara hotonsa da ƙarafan matakalar da kwanar titin da ke ƙasa, sai mai keke ya shigo daidai gurbin da ya rage. Tsarin ya riga mai keken zuwa. Haka za ka yi: ka fara neman wurin da ya yi kyau ko babu kowa a cikinsa, kamar ƙofar gari, ko bangon da aka rubuta talla, ko bakin lungu inda haske ya yanka inuwa gida biyu, ka tsaya ka daidaita gefunan hotonka, sa'an nan ka jira wanda zai cika shi. Jiran yana iya kai minti 20, yana iya wuce haka, wata rana ma ka tashi hannu rabbana. Mahaƙurci mawadaci.

Akwai wani mai wankin hula a bakin wata kasuwa da na yi kusan mako biyu ina zuwa wurinsa. Yakan jera hulunan da ya wanke a kan gwangwanaye su sha rana, layi-layi, zanna da damanga da kufi, ruwan sitaci yana ɗiga a ƙasa. Ranar farko na yi sallama na ce, "Baba, barka da aiki. Ni mai ɗaukar hoto ne, aikin nan naka ne ya burge ni, ko za ka yarda in zauna in ɗauka?" Ya dube ni ya ce, "Yaro, me za ka yi da hoton hula?" Na yi masa bayani, ya nuna mini benci. Hotunan kwanakin farko duk ba su yi ba, domin yana sane da ni, yana gyara zama yana kallon kyamara. Sai da na zama kamar bencin da nake zaune a kai, sa'an nan wata la'asar ya ɗaga wata hula sama yana duba ta a hasken rana, ido ɗaya a kanne, wani yaro ɗan makaranta kuma ya tsaya a gefe yana kallonsa da allo a hammata. Wannan guda ɗaya na ajiye daga cikin duk abin da na ɗauka a wurin.

Lokacin danna madanni shi ne lokacin da motsi ya kai ƙololuwarsa: ƙafa a sama kafin ta sauka, shayi a iska tsakanin kofi biyu, hannun mai saye da na mai sayarwa sun haɗu a kan kuɗi. Domin hannu yana bayan ido da ɗan taƙi, sai ka koyi dannawa gab da abin zai faru. Wannan kuwa ba ya samuwa sai da sanin wuri, domin wanda ya san yadda ɗan dako ke sauke buhu shi ne zai san inda jikinsa zai karkata.

Kafin ka danna, ka zagaya da ido gefuna huɗu na hoton. Ka tabbata babu turken lantarki da ya tsiro daga kan mutum, ba ka yanke ƙafa daidai idon sawu ba, kuma babu wani farin abu a kusurwa da zai janye ido. Ka yi ƙoƙarin samun hawa uku, wato abu a kusa, abu a tsakiya, abu a nesa. Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hoton da Robert Frank, mutumin Suwizalan, ya ɗauka a birnin New Orleans na Amurka a 1955, na wata motar haya mai bin dogo. Tagoginta sun raba hoton gida-gida, fararen fata a tagogin gaba, baƙaƙe a na baya, kowa yana kallon waje. Bai rubuta ko kalma ɗaya a kan wariyar launin fata ba, jerin tagogin ne ya faɗi komai, kuma 'yan makonni bayan haka aka kama wata baƙar fata mai suna Rosa Parks a birnin Montgomery na Amurka saboda ta ƙi tashi daga kujerar bas ta bar wa farar fata.

Kada ka guji abubuwan da kake ganin sun cika zama gama-gari. Allon farashi, lambar mota, rubutun bayan tirela, samfurin waya a hannun matashi, yayin ɗinki, su ne za su gaya wa mai kallo na gaba shekarar da aka ɗauki hoton. Abin da ya sa ake tsayawa a kan hotunan Maier har da motocin da ke bayan mutane, da hulunan mata, da kanun jaridu a kan teburin mai sayarwa. Mu ma mun ga irin wannan da idonmu. A farkon 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano, kuma 'yan lema masu sayar da kiran waya a bakin titi, waɗanda suka cika ko'ina bayan zuwan salula a 2001, yau babu su. Wanda ya ɗauki hotonsu a lokacin, ana ganin ɓata fim yake yi.

Maganar kala gajeriya ce. Yawancin gwanayen wancan zamani baƙi da fari suka yi aiki da shi, amma Saul Leiter ya ɗauki New York da kala tun shekarun 1950, jar lema a cikin dusar ƙanƙara, ko mutum ta bayan gilashin da ya yi raɓa. Ka ɗauka da kala koyaushe domin kada ka yi asarar ta, sa'an nan ka tambayi kanka ko kalar tana ƙara wa hoton wani abu. A marinar Ƙofar Mata, shuɗin baba shi ne labarin, cire shi asara ce. A hoton da ƙarfinsa inuwa ce da sura, baƙi da fari ya fi. Amma mayar da hoto baƙi da fari ba ya gyara wanda tun asali ba a tsara shi ba, kuma ban ga amfanin ƙara masa tabo da dusashewar ƙarya domin ya yi kama da tsoho ba.

Mutuncin wanda ake ɗauka

A nan ne nake ganin bai kamata a kwaikwayi gwanayen Turai da Amurka ido rufe ba. Da yawansu ɓoyewa suke yi. Cartier-Bresson yakan rufe ƙyallin kyamararsa da baƙin tef. Levitt takan yi amfani da wani madubin leƙe mai kwana, ta fuskanci wani gefe alhali tana ɗaukar wani. Walker Evans ya ɓoye kyamara a cikin kwat ya ɗauki fasinjojin jirgin ƙarƙashin ƙasa na New York daga 1938 zuwa 1941, bai kuma buga su a littafi ba sai 1966. Peter Magubane na Afirka ta Kudu ya taɓa ɓoye tasa a cikin burodi, amma shi 'yan sandan mulkin wariya yake ɓoye wa, ba talakawan da yake ɗauka ba.

Akwai wata hanya da masu hoton Afirka ta Yamma na wannan zamani suka bi, kuma ita ta fi dacewa da garuruwanmu. James Barnor ya buɗe shagonsa mai suna Ever Young a unguwar Jamestown ta Accra, ya yi wa jaridar Daily Graphic da mujallar Drum aiki, kuma mutanen da yake ɗauka sun san shi. Malick Sidibé na Bamako gayyatarsa samari suke yi zuwa wuraren shagalinsu, ya wanke hotunan ya baje su a shagonsa, masu su su zo su zaɓa su saya. A 2007 aka ba shi babbar lambar yabo ta baje kolin fasaha na Venice. Philippe Koudjina ya yi irin wannan aiki a Yamai a shekarun 1960 da 1970. Dukansu mazauna gari ne masu ɗaukar 'yan gari, kuma sakin jikin da ake gani a hotunansu daga sabo ya fito.

Saboda haka ka riƙe kyamararka a fili. Idan za ka yi aiki a kasuwa, ka fara gaida sarkin kasuwa ko shugaban layi. A tasha ka ga shugabannin 'yan kamasho. A cikin unguwa ka je wurin mai unguwa. Hoton fili mai jama'a da yawa ba ya bukatar ka bi kowa ka tambaya, amma da zarar fuskar mutum ɗaya ce jigon hoton, to yana da haƙƙi a kanka, ko kafin ka ɗauka ko nan take bayan ka ɗauka. Ka nuna masa, idan ya ce a goge ka goge a gabansa ba tare da musu ba. Wasu ba sa son hoto saboda fahimtarsu ta addini, wasu saboda kunya, wasu saboda tsoron inda zai ƙare a intanet, kuma babu wanda ya wajaba ya gaya maka dalilinsa. Na taɓa ɗaukar wani dattijo mai goro ba tare da na yi masa ko sallama ba, saboda hasken da ke kan farantinsa ya ɗauke mini hankali. Bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, "Malam, da ka gaishe ni ai da na ba ka." Na goge hoton na ba shi haƙuri, kuma maganar ba ta bar ni ba har yau.

Namiji kada ya ɗauki matar aure ko budurwa kusa-kusa ba da yardarta ba. A nan mata masu ɗaukar hoto suna da damar da maza ba su da ita, domin cikin gida, da wurin kitso da lalle, da ɗakin amarya, da sana'o'in da ake yi a tsakar gida, duk rayuwar birni ce da ba a cika ganin ta a hoto ba, kuma mace ce za ta iya shiga ta ɗauka da amincewar masu wurin. Yara sai da izinin babba. Almajiri da mabaraci da mai taɓin hankali kuwa, kada a mayar da halin da suke ciki abin neman yabo a Facebook ko Instagram. Idan ba za ka so a ɗauki ɗan'uwanka a wannan yanayi ba, ka sauke hannunka. Barikin soja, da shingen jami'an tsaro, da filin jirgin sama, da harabar banki, a nisance su gaba ɗaya. Duk wanda ka yi wa alkawarin kawo masa hotonsa, ka wanke ka kai masa, domin wannan katin shi ne zai buɗe maka ƙofar layin gaba ɗaya.

Akwai kuma gaskiya tsakaninka da mai kallo. Shahararren hoton nan na Robert Doisneau na wasu masoya biyu a gaban zauren birnin Faris, wanda ya ɗauka a 1950, an daɗe ana ɗaukarsa a matsayin abin da ya faru kwatsam, sai da magana ta kai kotu a farkon shekarun 1990 aka tabbatar cewa shirya su ya yi. Shirya hoto ba laifi ba ne, Sidibé da Barnor sun yi hotunan shago masu daraja, amma a faɗa cewa shiryawa aka yi. Wayoyin yanzu suna iya goge mutum ko turke daga hoto da taɓawa ɗaya. Gyaran haske da duhu da ɗan datse gefe duk aikin ɗakin wanki ne tun da can, amma cire abin da yake wurin ko ƙara wanda babu yana fitar da hoton daga zama shaida.

Tacewa da adanawa

Frank ya zagaya Amurka a 1955 da 1956 ya ɗauki hotuna kimanin 27,000, amma 83 kawai ya sa a littafinsa. Masu fim sukan buga dukan naɗi a kan takarda ɗaya, ƙanana-ƙanana, su bi su da jan fensir suna zagaye wanda ya tsira. Kai ma ka bar hotunanka su kwana biyu kafin ka zaɓa, domin a ranar da ka ɗauka wahalar da ka sha da daɗin hirar da ka yi suna rufe maka ido, sai ka ga kyau inda babu. Daga fita ɗaya, idan ka samu hoto ɗaya ko biyu, ka yi sa'a. Ka nuna wa wanda bai je wurin ba, ka yi shiru ka ga inda idonsa zai tsaya.

Abin da ka zaɓa, ka rubuta masa bayani tun kana tune: gari, unguwa, kwanan wata, sana'ar da ake yi, da sunan kayan aikin da ke cikin hoton kamar yadda masu sana'ar ke kiran su. Hotunan Maier sun kusa salwanta, domin a 2007 aka yi gwanjon akwatunanta saboda ba a biya kuɗin hayar wurin ajiya ba, da naɗin fim masu yawa da ba a ko wanke ba, ta kuma rasu a 2009 kafin duniya ta san aikinta. Waya ta fi akwati saurin ɓata, kuma hoton da aka tura ta WhatsApp ta hanyar da aka saba yakan ragu ƙwarai, don haka kada ka ɗauke shi a matsayin ajiya. Ka kwafe ainihin hotunan zuwa wuri biyu daban, ɗaya a kwamfuta ko ma'ajiyar hannu, ɗaya a intanet. A ƙarshen kowace shekara ka zaɓi 20 ko 30 ka kai a wanke maka su a kati mai kyau, ka rubuta bayanin a bayan kowanne da fensir mai taushi, domin tawadar biro tana iya ratsa takarda, sa'an nan ka sa su a albam ko akwatin kwali, nesa da danshi da rana da gara.